Ƙwaƙwalwa Talatin da Biyu, Lemo Huɗu

Jama'a, ku matso kusa, don yau ban san ko dariya za ku yi min ko jaje ba. Ni dai na yi duka biyun, wani lokacin ma a haɗe, har Umma ta leƙo ɗakina tana tambayar ko lafiyar kaina ƙalau.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan: ni ce autar gidanmu, ni ce kuma mai kula da ɗakin saba a kamfaninmu. Saba dai wata ƙatuwar kwamfuta ce marar fuska, tana tsaye cikin kabad ɗin ƙarfe tana huci dare da rana. Mu kan yanka ta gida-gida mu ba wasu kamfanoni haya. Kowane yanki gani yake shi ma cikakkiyar kwamfuta ne, mu kuma muna ce masa bi-em. Gidan haya ne sosai, ɗakuna da yawa, famfo ɗaya. Ɗakin kuwa sanyi gare shi ba na wasa ba, shi ya sa ko rana na ƙona ƙeya za ku gan ni da rigar sanyi ruwan toka a kan doguwar rigata, 'yan ofis suka laƙaba min 'Yar Sanyi. Ina son ɗakin nan, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na yi shekaru ina riƙe wa maza jakar kayan aiki kafin a miƙo min makullinsa.

Sai kuma mutumin nawa. A sashenmu yake, shi ke kula da wayoyin netwok masu haɗa kwamfutocinmu, kuma kowa Ƙari yake kiransa. Ka ce ya ara maka biro, kwali zai kawo. Ka ce kana jin ƙishirwa, sai ka ga ana sauke katan-katan na ruwa a ƙofar ofis. Saƙon barka da safiya ma ba ya iya turo guda ɗaya. Kafin in gama goge baki wayata ta yi ƙara sau bakwai, da fure, da zuciya, da addu'a, da tambayar ko na samu na farkon.

Rannan Umma ta yi suɓutar baki a gabansa ta ce ruwan gidanmu ba ya sanyi. Washegari sai ga firij mai ƙofa biyu, wanda sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya shiga. Kicin ya ƙi ɗaukarsa. Nan aka girke shi a falo, tsakanin kujerar Abba da talabijin. Tun daga ranar Abba a karkace yake kallon labarai, wuya a miƙe, ga fanka uku na tsaye duk na Ƙari sun kewaye shi kamar masu gadi.

Umma kam ta gama mutuwa a kansa.

"Auta, irin wannan ake nema da fitila. Ke me kike jira? Sa'anninki duk sun tafi, ke kina can kina auren kabad."

Abba bai cika magana ba, amma in ya yi ta zauna. Ya ce Ƙari ya zo ranar Asabar su gana, ya kuma ɗora sharaɗi ɗaya tak.

"Ba na tambayar mota, ba na tambayar gida. Aiki. Mutum ya tashi da safe ya san inda za shi. In babu wannan, kada ma ya ɓata takalminsa."

Na ce a raina, in dai wannan ne an gama. Ashe ana wata ga wata.

Cikin 'yan hayarmu akwai wani kamfanin motocin safa, a bi-em ɗinsu suke sayar da tikiti. Ni na gina shi da hannuna, ni nake rainonsa. Ranar Litinin da hantsi sai ga kira: tikiti ya ƙi fita. Mai sayarwa ya danna, alamar jira ta yi ta juyawa, fasinjoji sun yi layi har bakin titi, wata tsohuwa ta ce za ta fasa gilashin wurin sayar da tikitin da lema.

Manaja ya faɗo ɗakin saba ko sallama babu. Mutum ne gajere mai son kwat, kullum da hankici yana share sanƙo ko a cikin sanyin nan.

"'Yar Sanyi, me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Yallaɓai."

"Ruwa ba ya tsami banza. Ki nemo min dalili kafin Juma'a. Kuma kin san doka: duk wanda ya taɓa kayan ɗan haya ba da izinina ba, ya tattara nasa ya nasa. Ko ɗan uwana ne."

Na ɗaure ɗankwali tamau na zauna. Na fara da memori, inda inji ke riƙe aikin da yake kai, ko ta cika ta batse: rabi ma ba a ci ba. Na duba faifan ajiya, ko shi ke jan ƙafa: garau. Na koma kan netwok, har na sa Ƙari ya zo ya canza waya. Maimakon ɗaya ya canza dukkansu, ya kuma bar min ledar cakulan a kan tebur. Na zargi maƙwabcin ɗaki, bi-em ɗin wata makaranta, ko shi ke shanye ruwan famfon; na tarar da shi yana sharar barcinsa, ɗalibai na hutu. Abin da ya fi ɗaure min kai, zanen da ke nuna wahalar furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, yana kwance a ƙasa, wai injin ko gumi bai yi ba. Marar lafiya na nishi, gwaji na cewa ya fi likita lafiya.

Ana cikin haka Umma na ta aiko saƙo.

*Leshin nan ruwan goro za ki sa ran Asabar ko shuɗin?*

*Kin ji ni?*

*Kada ki kuskura ki fito min da rigar sanyin nan gaban surukina.*

Ƙari shi ma:

*Sarauniyata, yaya injin naki? Na san yanzu yana gudu kamar iska.*

Na ɗauka zolaya ce, na tura masa fuskar harara. Kaico, da na san abin da ke ƙarƙashin saƙon nan!

Ranar Alhamis da safe ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, ido ya faɗa don rashin barci. Gefena wani dattijo ne da iyalinsa, mata da yara da jikoki da ƙunshin kaya, sun kusa cika rumfar. Mota ta tsaya da gurbin mutum uku, ya ce a'a, su tare za su tafi. Wata ta zo da gurbin biyar, ya ce a'a. Mu masu zuwa ɗai-ɗai muna ta shigewa muna barinsu. Na samu wuri bakin taga, na waiwaya na ga dattijon na duba agogo yana tsaki, sai wani tunani ya faɗo min. Mutumin nan ba gajiya ya yi ba, ba kuma mota ce babu ba. Jira yake a ba shi mota sukutum.

Ko jakata ban ajiye ba na buɗe shafin da ban duba ba tun farko, wanda ke nuna tsawon lokacin da bi-em ke tsayawa yana jiran a ba shi wuri a furosesa. Jan layi ya haye har rufi. Na buɗe saitin injin.

Ku gane, ita babbar sabar ƙwaƙwalwa talatin da biyu gare ta, duk 'yan haya su suke yi wa karɓa-karɓa. Injin tikiti ƙwaƙwalwa huɗu na ba shi, sun kuma ishe shi har da saura. Yanzu me zan gani? Talatin da biyu. Wani ya mallaka masa gidan gaba ɗaya. Shi kuwa injin da aka ce yana da talatin da biyu, so yake su yi tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, ga maƙwabta kullum suna riƙe da wasu. Sai ya zama dattijon bakin titi, ƙananan injuna na shigewa, shi yana tsaye yana duba agogo.

Ban tsaya neman sunan wanda ya yi ba. A duk faɗin duniyar nan mutum ɗaya na sani da za a ce huɗu ya ji talatin da biyu.

Na kira shi. Ya shigo da fara'arsa, riga fara ƙal an ɗora mata guga, turare na tashi, hannu riƙe da kofin shayi biyu, duka nawa.

"Ƙari, zo ka ga wani abu."

Ya leƙa allon, sai fuskarsa ta washe.

"Kai, sai yau kika gani? Na zaci tun Litinin za ki kira ni!"

"Kai ka yi?"

"Wa kike da shi in ba ni ba? Ba kin ce min yana ɗan nauyi da safe ba? Ranar Lahadi da aka kashe injuna don gyara, na ce bari in yi miki bazata."

"Na ce yana ɗan nauyi. Ɗan! Ko biyu ka ƙara ai da sauƙi."

"Biyu?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Ina da talatin da biyu a hannu in ba ki biyu? Haba 'Yar Sanyi, a ce me?"

Na zaunar da shi a kan kwalin batir na ba shi labarin dattijo da mota. Ina yi fara'ar na zagwanyewa, har kofin shayin ya fara karkata.

"Wato layin fasinjojin nan..."

"Kai ne."

"Da tsohuwar lema?"

"Duk kai ne. Garin neman gira ka tsone min ido."

Wallahi na shigo da niyyar in wanke shi tas, amma da na ga yadda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa sai tausayi ya kama ni. Mutumin nan bai taɓa yin mugunta ba a rayuwarsa. Alherinsa ne kawai ba shi da birki.

"To mu mayar mana," ya ce a sanyaye. "Yanzu, kafin kowa ya sani."

Nan fa gizo ke saƙa. Rage wa inji ƙwaƙwalwa sai an kashe shi, kashe injin ɗan haya da rana tsaka kuwa sai da sa hannun Manaja. Manaja kuma ba ya sa hannu sai ya ji dalili, in ya ji dalili sai ya ji suna. In ya ji suna Ƙari ya rasa aiki, in ya rasa aiki Abba ya ce kada ya ɓata takalminsa.

"Saurara," na ce, na nuna shi da yatsa. "Zan je wurin Manaja. Kai kuma ka koma teburinka ka yi shiru. Kada ka ƙara komai. Ko tari kada ka ƙara."

Na sami Manaja na yi masa bayanin dattijo da mota. Ya share sanƙo, ya sa hannu. Na kashe injin, na mayar da shi huɗu, na kunna. Kafin shayina ya huce masu motoci suka bugo suna sa albarka, wai tikiti na fita kamar ana koro shi. Manaja ya yi murmushi na ɗan lokaci, sannan ya tuna.

"To, wa ya yi?"

Lissafina shi ne, ni da na gano ciwon na kuma warkar, ƙila a yi min faɗa a bar ni.

"Ni ce, Yallaɓai. Kuskuren hannu ne ranar Lahadi."

Ya buɗe baki ke nan kwamfutarsa ta yi ƙara. Wayata ta yi ƙara. Ta bayan gilashi na hango duk 'yan ofis sun sunkuya kan wayoyinsu lokaci guda, har mai shara ta jingine tsintsiya. Ƙari ne. Ya rubuto wasiƙar amsa laifi, doguwa har sai an yi ta ja, da hoton saitin kafin da bayan, da ban haƙuri ga Manaja, da fasinjoji, da tsohuwar lema. Bai kuma tura wa Manaja shi kaɗai ba, kamfanin gaba ɗaya ya tura wa. A ƙasa ya ƙara da cewa ya yi ne saboda ƙaunar da yake yi wa wata baiwar Allah da ba zai ambaci sunanta ba, mai rigar sanyi ruwan toka.

Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Manaja ya karanta har ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau.

"Laifi ɗaya, masu shi biyu. Ɗaya ya taɓa ba izini, ɗaya ta yi min ƙarya ido da ido. Ku je, zan yi tunani."

A bakin matakala na tare Ƙari. Ban ɗaga murya ba, don in na ɗaga kuka zai biyo.

"Na ce kada ka ƙara komai."

"Ba zan iya zama ki ɗauki laifina ba."

"Na sani. Amma ka ji ni da kyau. Jibi in za ka zo gidanmu, abin da hannunka ɗaya zai iya ɗauka, shi kaɗai. In na ga mota da kaya, na rantse ba zan fito ba."

Asabar ta zo. Umma ta tashe ni da shuɗin leshi da mayafi mai duwatsu, ta fesa min turare har na yi atishawa, ta ƙwace rigar sanyina ta cusa ƙarƙashin katifarta. Ita kanta ta ci ado kamar ita za a gani. Ta sa an share ƙofar gida an kawar da babur ɗin maƙwabci, wai don motar kaya ta samu wurin juyawa.

Da la'asar aka yi sallama. Na laɓe bayan firij, don ko ba komai ya yi amfanin wannan. Ƙari ya shigo cikin kaftani ruwan madara, ya durƙusa, ya ajiye 'yar leda gaban Abba. Lemo ne, guda huɗu.

Umma ta leƙa bayansa. Ta fita har ƙofar gida ta duba dama da hagu, ta dawo.

"Ɗana, motar ta lalace ne a hanya?"

"Babu mota, Umma."

Abba ya miƙo wuya ta gefen firij ya ƙare masa kallo.

"Yaro, an gaya maka sharaɗina. Kana da aiki?"

Na runtse ido ina addu'ar ya ce e ya tsaya nan. Ai har yanzu ba a kore shi ba, ba ƙarya ba ce.

"Abba, jiya dai ina da shi. Na Litinin ne ban sani ba."

Ya kwashe labarin kaf ya faɗa, da dattijo, da mota, da tsohuwar lema. Umma ta dafe ƙirji tana salati. Abba kuwa ya dubi firij, ya dubi fankoki uku, ya dubi lemo huɗu. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Abba dariya yake, har da share hawaye.

"Wato ita ma sabar, firij ka kai mata!" Ya ɗauki lemo ɗaya ya shinshina. "Tunda aka haife ka wani ya taɓa sa ka rage abu?"

"Sai ita, Abba."

"Auta, fito daga bayan firij ɗin nan, tun ɗazu nake ganin ƙafarki."

Na fito ina jan mayafi. Abba ya gyara zama, dariyar ta ɗauke.

"Yaron nan ya kwanta min, don ya faɗi gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi. Amma ni ba na magana biyu. In Litinin ta yi yana da aiki, ya turo manyansa. In babu, lemon dai na gode. Kafin nan a nemo masu ƙarfi a fitar min da wannan gini daga gaban talabijin."

Na rako Ƙari ƙofar gida. Muna tsaye inda aka share wa motar da ba ta zo ba, wayoyinmu suka yi ƙara tare. Manaja ne, saƙo ɗaya ya turo mana mu biyu:

*Na yi tunani. Masu motoci sun ce sai sun ji an hukunta wani. Ɗayanku zai tafi, ɗaya ya zauna. Tunda kowa na son laifin, ku zaɓa da kanku kafin Litinin.*

Kafin in gama karantawa na ga babban yatsan Ƙari ya fara rubutu. Na fizge wayar na jefa cikin jakata.

"Ba ni, don Allah."

"Ba zan bayar ba. In ka tafi, Abba ya rufe ƙofa. Ka manta?"

"In kika tafi kuma fa? Na san yadda kika samu makullin ɗakin nan. Na ga ranar da aka ba ki, kin shiga kin rufe ƙofa kin yi rawa, kin zaci ba mai ganinki." Ya miƙo hannu. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki bar ni in yi miki wannan kyautar, ko da ita ce ta ƙarshe."

Na dube shi, dogon mutum cikin kaftani ruwan madara, hannu wayam a karon farko tun da na san shi. Ina sonsa, jama'a. A wurin na tabbatar, har cikin ƙashina.

"Ƙari," na ce, "wannan ma talatin da biyu ce. Ta fi ƙarfina."

Yanzu haka ina zaune a bakin gadona, leshin bai ma fita daga jikina ba. Umma na falo tana yi wa Abba bitar cewa mace ai ba dole sai ta yi aiki ba, shi kuma yana ta ɓare lemonsa. Wayar Ƙari na cikin jakata tana ruri, daga wayar ƙanwarsa yake kiran kansa. Makullin ɗakin saba na kan cinyata, na zaro rigar sanyina daga ƙarƙashin katifar Umma na rungume. A tawa wayar na rubuta wa Manaja kalma biyu, *Ni ce*, yatsana na kan wurin turawa tun ɗazu, ya ƙi sauka ya ƙi ɗagawa.